Dish ɗin Injiniya da Bargon Goggo

A gidan hayar nan mai ɗakuna takwas babu wanda ya kai Injiniya cika baki, kuma babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta ba shi wannan suna. Sana'arsa rarraba burodi ce a shaguna, a kan babur, kowace safiya. Wata rana ya buga tocilar maƙwabci da tafin hannu ta kama, shi ke nan ya ce daga yau kada wanda ya sake kiransa mai burodi. Tun daga ranar duk abin da ke da waya a gidan ya shiga uku. Ya gyara fankar Baba, tsohon da ya mallaki gidan, ta koma juyawa da baya. Ya gyara rediyon Goggo, tsohuwar ɗakin ƙarshe, rediyo ta yi shiru har yau.

Abu biyu yake ji da su a duniya, bakinsa da babur ɗinsa. Jan babur ne, yana goge shi safe da yamma, ba ya ba kowa aro, kuma ko madubinsa ka taɓa sai unguwa ta ji ku.

Rigimar ta fara ne ranar da wata mota ta tsaya a ƙofar gida, mutum biyu suka fito da tsani da akwatin kayan aiki. Kafin ruwan shayi ya tafasa sun kafa ɗan ƙaramin dish a bangon Ticha, malamin makarantar da ke ɗakin farko, sun ja waya, sun kunna talabijin, hoto ya fito tar. Injiniya ya zo ya tsaya da hannu a ƙugu yana kallon abin kamar an ajiye masa shara a ƙofa.

"Malam, nawa ka saya?"

"Ban saya ba," in ji Ticha. "Haya na ɗauka. Ɗan abu kaɗan nake biya duk wata. Su suka kafa, in ya lalace su zo su gyara, in na gaji su kwance abinsu."

Injiniya ya tuntsire da dariya har da buga cinya. "Haba Malam, da iliminka! Ka yi shekara goma kana biya, ranar da ka gaza wata ɗaya su zo da tsani su cire shi kamar ruɓaɓɓen haƙori, ko noti ɗaya ba naka ba. Namiji saye yake yi. Ni nan da kuke gani ban taɓa hayar komai ba a rayuwata."

Baba yana zaune a kujerarsa yana yanke farce. Ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ɗakin da kake kwana fa?"

"Wannan daban ne, Baba."

"To."

"Ku ba ni mako ɗaya," in ji Injiniya, ya ɗaga murya don matan da ke wanke-wanke su ji. "Zan kawo nawa na kaina, babba, ni zan kafa da hannuna, ba wata ba biya. Wasan ƙarshe na cin kofi a wurina za a kalla, kowa da kowa, kyauta."

Matsalar ɗaya ce, aljihunsa babu komai sai makullin babur. Kuɗin da ke ɗakin na matarsa ne. Kitso take yi wa matan unguwa, kuma shekara biyu ke nan tana tarawa a gwangwanin madara don ta sayi keken ɗinki. Kwana uku ya yi yana binta da magana. Tana shara yana bayanta, tana girki yana gefe, yana lissafa mata yadda haya ke cinye talaka. A rana ta huɗu ta ɗauko gwangwanin, ta ce ya biyo ta, ta tsaya gaban Baba.

"Baba, ka zama shaida," ta ce. "Ga kuɗin kekena zan ba shi. In an kalli wasan nan daga farko har ƙarshe a talabijin ɗinmu, na yafe, zan sake tarawa. In ba a kalla ba, a sayar da babur a saya mini keke."

Injiniya ya waiga ya dubi babur ɗinsa. Amma Ticha yana bakin ƙofarsa, Goggo ta leƙo, matan gida sun tsaya da wanke-wanke.

"Shi ke nan?" ya ce. "Maman yara, ai na ɗauka wani babban sharaɗi za ki kawo. Na yarda."

"Daga farko har ƙarshe," in ji Baba.

"Har a ɗaga kofi, Baba."

Washegari ya tafi kasuwar tsofaffin kaya. Mai rumfar ya nuna masa ƙananan dish masu kyau guda uku, ya ƙi ko kallonsu. Idonsa ya faɗa kan wani ƙato a jingine a bayan rumfa, faɗinsa ya kusa ƙofar ɗaki, gefensa duk tsatsa, kaji sun gama kwana a kansa.

"Wannan ya girmi ɗana na fari," in ji mai rumfar. "Yana kamawa, amma sai gwani ya saita shi. In ya kauce da faɗin yatsa, babu hoto."

"Da gwanin kake magana."

"To. Ka dai sani in ka fita da shi ya zama naka. Ya yi naka ne, bai yi ba naka ne."

Wannan kalma ta "naka" ita ta gama da Injiniya. Ya juye gwangwanin kaf, aka haɗa masa da tsohuwar risiba da ƙullin waya da rimot ɗin da aka ɗaure da roba. Ya ƙi ɗaukar motar kaya, don wannan ma haya ce. Ya ɗaure dish a bayansa da igiya ya hau babur. Yana hawa babban titi iska ta cika dish ɗin, ta ɗebe shi gefe, ta sauke shi a tsakiyar tiren wata mai tumatir. Ya iso gida rigarsa jajur, yana ɗingishi, ya ce wa mutane ai gwajin ƙarfin ƙarfen ya yi a hanya.

Ya ɗauko guduma zai huda bango, Baba ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi sai da babban dalili.

"Kada ka taɓa mini bango."

"Baba, ai Malam ya huda."

"Waɗanda suka huda masa sun sa hannu a takarda, duk abin da suka fasa su gyara. Kai wa zai gyara naka? Fankata har yanzu silin take yi wa fifita."

Ya ce to rufi. Ya jingina tsani ya hau, ya yi taku uku a kan kwano, a na huɗu ƙafarsa ta shige har gwiwa. Daga ciki aka ji salatin Goggo, wadda ke zaune tana tsefe kai ta ga ƙafar namiji da silifa tana lilo a saman gadonta. Ta fito da muciya ta tsaya a gindin tsani tana jiransa. Sai da Baba ya sa baki ya sauko.

Bango ya haramta, rufi ya haramta. Abin da ya rage a gidan mai tsawo shi ne ƙarfen shanya, wani dogon bututu da aka kafa a tsakar gida tun kafin a haifi rabin mutanen gidan, igiyar shanyar kowa a ɗaure a wuyansa. A can Injiniya ya ɗaura dish ɗinsa. Ya ce ai dama nan ya fi, injiniyoyin gaske ba sa son bango.

Sai aka shiga saiti. Shi yana kan tsani da sifana, matarsa tana ɗaki gaban talabijin, suna ta ihu ta taga.

"Ya zo?"

"Babu!"

"Yanzu fa?"

"Babu!"

"Ki duba da kyau mana!"

"Baban yara, baƙin allo ne, ta ina zan duba shi da kyau?"

Kwana biyar ana wannan. Yara suka haddace, suna bin sa a layi suna "Ya zo? Babu!" A rana ta uku an kamo wata tasha, wani mutum cikin ƙatuwar rigar sanyi yana kamun kifi yana magana da yaren da ko Ticha bai taɓa ji ba. Injiniya ya ce wannan tashar manya ce, ba kowane dish ke kaiwa can ba. Bayan minti biyu mai kifin ma ya tafi. Ticha ya zo da ladabi ya ce ko ya kira masa mutanen da suka kafa nasa, ɗan abin da za su karɓa ba yawa.

"In yi hayar wani ya saita mini kayana? Malam, je ka ka ji da 'yan makarantarka."

Ranar Asabar da safe Goggo ta wanke bargonta. Bargo ne irin na da, mai kauri, in ya sha ruwa sai mutum biyu ke ɗaga shi. Aka taya ta aka shanya a igiya. Injiniya yana kan tsani bai ko lura ba, ya ɗan taɓa dish ke nan sai ihu ya taso daga ɗaki.

"Ya zo! Wallahi ya zo! Ga 'yan ƙwallo nan!"

Hoto tar, tashar wasanni, har gumin fuskar 'yan wasa ana gani. Injiniya ya diro daga tsani bakinsa har kunne. Ya zagaya tsakar gida sau biyu, ya ƙwanƙwasa wa Ticha ƙofa ya ce ya fito ya ga aikin hannu. Daga nan dabara ta faɗo masa, irin dabarar da shi kaɗai take zo wa. Ya ce gidan nan akwai masu baƙin ciki, wani zai iya tashi ya juya masa dish. Ya ruga bakin titi ya kawo mai walda.

"In na liƙe shi ba ya sake motsi fa," in ji mai walda. "Ko kai ba ka iya juya shi."

"Abin da nake so ke nan. Liƙe shi har abada."

Mai walda ya liƙe dish da ƙarfen shanya, ya bi kowane noti ya narke shi, ya karɓi kuɗin man babur na gobe ya tafi.

Da azahar hoton ya fara yayyagewa. 'Yan wasa suka riƙa tsayawa cak da ƙafa a sama. Kafin la'asar allo ya koma baƙi ƙirin. Injiniya ya ce gajimare ne, aka ɗaga kai babu ko ɗigo. Ya ce to dish ɗin Ticha ne ke janye masa sabis, ƙananan nan haka suke, kamar kaska. Ticha ya kashe nasa don a zauna lafiya, ba abin da ya canza.

Matarsa ce ta gano. Tana tsaye da kwando tana kwashe shanya, ta kalli bargo, ta kalli ƙarfe, ta kalli mijinta.

"Baban yara, lokacin da hoto ya zo bargon nan a jiƙe yake. Nauyinsa ya janyo ƙarfen ya ɗan sunkuya. Yanzu ya bushe, ƙarfe ya miƙe. Da jiƙaƙƙen bargo ka yi saiti, kuma ka sa an liƙe."

"Ke da kitso kika sani, me ya haɗa ki da harkar sararin sama?"

Ta ajiye kwandon. Ta ɗebo ruwa a bokiti ta sheƙa wa bargon. Ƙarfe ya yi ɗan ƙara, daga ɗaki muryar mai sharhin wasa ta tashi. Aka fashe da dariya, har Baba sai da ya ajiye abin yankan farcensa ya share hawaye.

"Ai na sani," in ji Injiniya. "Gwada ku nake yi."

Daga ranar ya zama mai gadin igiyar shanya. Ya gwada rataya dutse, dutse ya suɓuce ya faɗo dab da ƙafar Baba, aka kafa doka babu abin da zai hau igiya sai tufafi. Ya jiƙa nasa kayan duka ya shanya, nauyi bai kai ba. In matan gida suka yi wanki da yawa nauyi ya zarce, nan ma hoto ya tafi. Sai ka gan shi tsaye yana ba da umarni kamar mai ba da hannu a titi, wannan ta cire zani ɗaya, waccan ta matsar da wandon mijinta hagu. Wata ta ce in ya sake taɓa mata kayan yara za ta shanya shi da kansa. Duk abin da aka gwada, bargon Goggo ne kawai ke kawo hoto daidai, a tsakiyar igiya, a jiƙe sharkaf.

Goggo kuwa ta ga bargonta kwana huɗu bai bushe ba, har ya fara wari. Ta kama Injiniya da bokiti a hannu da sassafe, ta kwashe abinta, ta busar a bayan ɗakinta, ta ninke ta zauna a kai.

Ana gobe wasa Injiniya ya je ɗakinta ya durƙusa, irin durƙuson da bai taɓa yi mata ba ko da ya huda mata rufi.

"Goggo, ki sayar mini da bargon nan."

"Ba na sayarwa ba ne. Da shi na raini 'ya'ya shida."

"To ki ara mini, gobe kawai."

"Kai ka taɓa ara wa wani babur?"

Ya sunkuyar da kai.

"Haya dai," in ji Goggo. "Burodi biyu manya, yanzu, ba gobe ba. Kuma ka faɗa da bakinka a ji."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Na ɗauka."

"Ka ɗauki me? Kunnena ya tsufa."

"Haya, Goggo! Na ɗauki hayar bargo!"

Ticha yana wucewa da buta a lokacin. Ya kawar da kai, mutumin kirki, amma kafaɗunsa suna rawa don dariya har ya shige banɗaki.

Ranar wasa ta zo da rana mai zafi da iska mai busar da komai. Wasan na ƙarfe huɗu ne. Tun ƙarfe biyu Injiniya ya fito da talabijin ya ɗora a tebur a inuwar baranda, ya jera benci da tabarmi a gabanta. Igiyar shanya tana bayan talabijin, don haka duk wanda ke kula da bargo bayan akwatin kawai zai gani da fuskokin 'yan kallo. Wannan bai dame shi ba, a lissafinsa bokiti ɗaya kafin a fara, ɗaya a hutun rabin lokaci, ya dawo ya zauna a kujerar gaba da ya ajiye wa kansa. Ya gayyaci duk masu shagon da yake kai wa burodi, da mai walda, da mai aski, har mai tumatir ɗin nan ta zo, wai tana son ta ga abin da ya kashe mata jari. Baba ya zauna a tsakiya a matsayin alƙali. Matar Injiniya tana gefe da gwangwaninta wanda babu komai a ciki, ta ɗora shi a cinya inda zai riƙa gani.

Ya sheƙa bokitin farko, hoto ya fito, aka yi tafi. Ya tsaya gaban jama'a ya gyara murya.

"Wannan da kuke gani nawa ne, ba na kamfani ba. Babu mai zuwa da tsani ya..."

"Matsa mana, an fara!"

Minti goma sha biyar lafiya lau. Daga nan iska ta fara aikinta. Mai tsaron raga ya daskare a sama, hannu a miƙe, bai sauko ba.

"Injiniya, ruwa!"

Ya ruga ya sheƙa. Ya dawo zai zauna, wani ya riga ya hau kujerarsa. Bayan minti goma aka sake kira. Ya je famfo, famfo ya yi tari sau biyu ya ɗauke. Ya koma kan duron gida, matan gida suka taso masa, ya ce zai cika musu gobe. Kafin hutun rabin lokaci duro ya ga ƙasa. Ya juye randar ɗakinsu, ya juye ruwan shan da aka ajiye wa baƙi, ya ɗauke butar Baba daga gefen kujera Baba yana kallo. Ana dawowa daga hutu babu ɗigon ruwa a gidan, bargo kuwa sai bushewa yake hankali kwance.

Allo ya yi baƙi ana tsakiyar kai hari. Jama'a suka yi ca. Baba ya duba agogo, ya dubi jan babur da ke jingine a gindin bango yana sheƙi. Injiniya ya ga wannan kallo, gumi ya karyo masa. Ya yi tsalle ya cafke igiyar da hannu biyu ya ja ƙasa.

"Ya zo!" aka yi ihu. "Tsaya a haka!"

Haka ya tsaya. Mai dish, mai risiba, mai talabijin, wanda ya tara jama'a, yana tsaye cikin rana a bayan akwati, hannu a sama, bargo mai wari yana shafar fuskarsa. Mutum arba'in suna sarrafa shi da baki.

"Ja kaɗan!"

"Ya yi yawa, saki!"

"Kai mai burodi, kada ka yi numfashi, bugun kwana ne!"

Ƙuda ya sauka a hancinsa, ya girgiza kai, aka rasa ƙwallo ɗaya sukutum, sai ihun mai sharhi aka ji. Mai aski ya cire takalmi ya nuna masa. Wasan dai bai ga ko inuwarsa ba. In fuskoki suka washe ya san an yi abin kirki, in aka dafe kai ya san an zubar. Ya tambayi wa ke ci, aka ce ya yi shiru yana girgiza hoto.

"Baba, wannan ai ana kallo ko?" ya ce da murya ƙasa-ƙasa. "Yana cikin lissafi?"

"Ana kallo," in ji Baba. "Har a ɗaga kofi ka ce."

Kamar da gangan, wasa ya tashi kunnen doki. Aka ƙara lokaci, nan ma ba wanda ya ci. Hannuwan Injiniya suka mutu, harshensa ya bushe, ga shi shi da kansa ya juye ruwan sha a bargo. Aka zo bugun fenariti. Huɗu da huɗu, saura bugu ɗaya, in ya shiga an ɗauki kofi.  Ya ga mai walda ya cusa yatsu a baki, ya ga Goggo da ba ta san komai a ƙwallo ba ta miƙe tsaye, ya ga har matarsa ta manta da gwangwani.

Minti ɗaya ya rage masa ya tsira da babur. Amma Injiniya ne. A ransa ya ce ba zai yiwu ya sayi abu da kuɗi, kowa ya gani, shi bai ga ko bugu ɗaya ba. Ya riƙe igiya, ya miƙa wuya, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya karkata jikinsa duka don ya leƙo gaban allo ta gefen tebur.

Ƙarfen shanya ya shekara talatin a cikin ruwan wanki, gindinsa duk tsatsa ne, ga ƙaton dish a ka, ga namiji yana lilo a wuyansa sama da awa ɗaya. Ya yi ƙara ɗaya ya karye daga tushe. Igiya ta zube, bargo ya rufe Injiniya, dish ya biyo baya ya kife a kansa da wata irin ƙara kamar an jefar da murfin tukunya. Allo ya mutu daidai lokacin da ɗan wasa ya ɗaga ƙafa.

Ba wanda ya tsaya duba shi. Mutum arba'in suka kwasa a guje zuwa ɗakin Ticha, suka cika ƙofa da taga, wasu a kan wasu. Daga ƙarƙashin bargo da dish, Injiniya ya ji ihun cin ƙwallo ya tashi daga ɗan ƙaramin dish ɗin haya. Har yau bai ga wannan bugu ba.

Da aka gama murna aka tuna da shi, mai walda da mai aski suka ɗaga dish, Goggo ta janye bargonta tana duba ko ya yage. Ya tashi zaune da ƙulu a goshi.

"Baba, ai saura bugu ɗaya ne kawai," ya ce. "Wasa ya riga ya ƙare."

"Wa ya ci?" in ji Baba.

Ya buɗe baki, ya dubi fuskoki ko zai karanto amsa, kowa ya ɗaure fuska. Matarsa ta matso ta miƙa hannu, ba faɗa ba zagi. Ya daɗe yana laluben aljihu kafin ya ciro makullin.

Wanda ya sayi babur ɗin Ticha ne. Da yake bai zuba ajiyarsa a kan dish ba, kuɗinsa na nan, ya biya a gaban Baba. Kwana biyu bayan haka keken ɗinki ya shigo gidan, ƙararsa tana tashi tun safe. Dish kuwa aka mayar wa mai rumfa ya ce ai ya faɗa tun farko, naka ne. Yanzu yana bayan ɗakuna a kan duwatsu uku, matan gida suna shanya barkono a ciki, kuma kowa ya yarda bai taɓa yin aiki mai kyau irin wannan ba.

Burodi dai dole a kai shi shaguna, kuma ba a kai shi da ƙafa. Ranar Litinin da sassafe Injiniya ya tsaya a ƙofar Ticha yana sosa ƙeya, ya yi sallama a hankali don kada gida ya ji. Gida kuwa duk ya ji, kowace taga da kai a jikinta.

"Malam, dama cewa na yi, tunda da safe kana aji, babur ɗin yana zaune kawai..."

"Saye za ka yi?" in ji Ticha.

Injiniya ya dubi jan babur, wanda jiya ma da hannunsa ya so ya goge aka ce ya bari. Ya dubi Baba a kujerarsa, ya ji keke yana ta ɗinki a ɗakinsa.

"Na yini nawa ne?"

Ticha ya faɗa masa, ya miƙa makulli, sannan ya ƙara da cewa, "Ka dawo da shi kafin azahar. Kuma don Allah, in ya lalace kada ka gyara."